Kabewar da Ta Haura Tan Guda: Gwanintar Noma ko Almubazzaranci?

Ranar Litinin, 9 ga Oktoban 2023, a garin Half Moon Bay da ke bakin teku a jihar Kalifoniya ta Amurka, motar ɗaga kaya ta cicciɓi wata kabewa ta ɗora ta a kan sikeli. Da lambobin suka tsaya, sai aka ga laba 2,749, wato kilo 1,247. Duk wanda ya taɓa saɓa buhun masara mai kilo ɗari ya san abin da wannan ke nufi: buhu goma sha biyu da rabi, a jikin ɗiya ɗaya tak ta tsiro ɗaya. Mai ita, Travis Gienger, malamin koyar da aikin lambu ne daga garin Anoka na jihar Minesota, kuma a bayan gidansa ya rene ta. A ranar ya kafa tarihin duniya, ya kama hanyar gida da kyautar dala 30,000.

Shekarar kuwa ba ta zo wa manoman Minesota da sauƙi ba. Fari ya kama yawancin jihar, ga hayaƙin gobarar dazuzzukan Kanada da ya yi ta turnuƙe sararin sama yana dusashe hasken rana. Gienger ya shaida wa manema labarai cewa yakan ba shukarsa ruwa har sau goma sha biyu a yini, an kuma ruwaito cewa ɗawainiyar renon ta ci masa kimanin dala 15,000. Bayan duk wannan, kabewar ba ta shiga tukunyar kowa ba. Kallonta aka yi, aka sassaƙa ta, aka kwashe irin da ke cikinta.

A nan mutane suka rabu gida biyu. Wasu na ganin wannan ita ce ƙololuwar gwanintar manomi, wasu na ganin wasa ne da ruwa da taki a duniyar da ake kwana da yunwa. Muhawarar takan kwanta a shekarar albarka. Shekarar da yanayi ya juya baya ita ce ke tayar da ita, domin a lokacin ne ake ganin iyakar abin da ɗan gasa zai iya yi don kada kabewarsa ta mutu.

Daga kilo 181 zuwa tan guda

Wannan kabewa 'yar uwar wadda ake yanka wa miyar taushe ce, amma reshen dangin da ake kira Cucurbita maxima, wanda asalinsa Kudancin Amurka ne. A shekarar 1900 wani mutumin Goderich ta ƙasar Kanada, William Warnock, ya aika da kabewa mai kilo 181 zuwa baje kolin duniya na Faris, a 1904 kuma ya kai wata mai kilo 183 baje kolin St. Louis. Aka yi shekara saba'in da ɗoriya ba wanda ya wuce shi.

Wanda ya buɗe ƙofar shi ne Howard Dill, manomi daga garin Windsor na lardin Nova Scotia, shi ma a Kanada. Ya shafe shekaru yana zaɓen iri, yana haɗa babba da babba, har ya fitar da nau'in da aka sani da Atlantic Giant. Ya ci gasar duniya sau huɗu a jere tun daga 1979, a 1981 kuma ya auna kabewa mai kilo 224. Kusan duk wata ƙatuwar kabewa da ake ɗorawa a sikelin gasa yau jikanyar irin Dill ce. Daga nan sai abin ya zama gudu. A 1996 Nathan da Paula Zehr na jihar New York suka fara tsallake laba dubu. A 2012 Ron Wallace na jihar Rhode Island ya tsallake laba dubu biyu. Sai tarihin ya ƙetare teku: Beni Meier na Suwizalan da kilo 1,054 a 2014, Mathias Willemijns na Beljiyam da kilo 1,190 a 2016, Stefano Cutrupi na Italiya da kilo 1,226 a 2021. Gienger ya maido shi Amurka, amma shekara biyu kawai ya riƙe shi. A Oktoban 2025 wasu tagwaye daga Lymington ta kudancin Ingila, Ian da Stuart Paton, suka auna tasu kusan kilo 1,279.

A gasar Half Moon Bay ta farko, a 1974, kabewar da ta zo ta ɗaya kilo 60 ce.

Yadda damina ke kashe ta

Kafin a yanke wa 'yan gasar hukunci, ya kamata a san aikin da suke yi, domin ba shuka a jira Allah ba ne kawai. Tun tsakiyar Afrilu, ƙasa na da sauran sanyi, ake goge gefen ƙwayar iri da ɗan magagari, a jiƙa ta, a tsirar da ita a cikin ɗaki. Idan aka dasa ta a waje, sai a kifa mata ƙaramar rumfar leda, wasu ma har wayar ɗumama ƙasa suke binnewa a ƙarƙashinta. Tsiro ɗaya yana iya cin fili kusan murabba'in mita 90. Ana bin yaɗonsa ana jera shi, ana binne kowace gaɓa da ƙasa don ta fitar da sabuwar saiwa, ta yadda shukar za ta riƙa shan ruwa ta baki ɗari maimakon ɗaya.

Wajen ƙarshen Yuni furanni ke buɗewa. Ba a bar wa ƙudan zuma aikin barbara, saboda ana son sanin uba kamar yadda aka san uwa. Da yamma ake ɗaure furen mace, da sassafe a kwance shi, a shafa masa ƙurar furen namijin da aka zaɓa, a sake ɗaurewa. In ɗiya ta kama, sai a tsinke sauran duka, a bar guda ɗaya ta ci gadon shukar ita kaɗai. A shimfiɗa mata yashi don ta riƙa zamewa yayin da take faɗaɗa, a lulluɓe ta da farin zane don kada rana ta ƙona fatarta ta taurare. A tsakiyar ganiyarta tana iya ƙara kilo ashirin ko fiye a kwana ɗaya. Mai ita yakan auna ta da tef ta kewaye da ta bisa, ya duba jadawali ya ƙiyasta nauyinta, amma ba ya sanin gaskiyar magana sai ranar sikeli.

To, kowane mataki a nan yana da abin da ke rusa shi. Idan zafi ya haura wajen digiri 32 a makon barbara, ƙaramar ɗiyar takan yi rawaya ta faɗi, shi ya sa za a ga mutum yana jera robobin ƙanƙara kewaye da fure. Idan gari ya bushe kwana da kwanaki sannan ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya, kabewar takan sha fiye da abin da fatarta za ta iya ɗauka, sai ta tsage ta wajen cibiya ko ta tsakanin haƙarƙarinta. Idan ruwa ya kwanta a gona, saiwa ta ruɓe, gindin shukar ya fara fitar da kumfa. Ga farar fumfuna da ke cin ganye, ga tsutsar da ke huda kara ta ciki, ga ɓera da barewa. Ƙanƙarar minti goma ta isa ta mayar da ganyen da aka yi wata uku ana reno tsumma.

Dokar gasar kuma ba ta da sassauci. Ƙungiyar Great Pumpkin Commonwealth, wadda ke kula da ƙa'idojin wuraren awo a ƙasashe da dama, ta shar'anta cewa kabewa ta zo lafiyayya. Ana ɗaga ta sama alƙalai su leƙa ƙarƙashinta. In aka sami huda ko tsaga da ta ratsa har cikin cikinta, ko da ba ta fi tsinke shiga ba, an fitar da ita daga takara, sai dai a rubuta nauyinta a jerin masu lahani. Su kansu tagwayen Paton, kafin nasararsu, sun taɓa renon kabewar da nauyinta ya wuce tarihin duniya na lokacin, 'yar ƙaramar kafa ta hana su kambun.

Abin da masu suka ke cewa

Hujjarsu ta farko ruwa ce, kuma ita ce mafi nauyi. Fiye da kashi casa'in cikin ɗari na jikin wannan kabewa ruwa ne, kuma shuka ɗaya tana iya shanye ɗaruruwan lita a rana mai zafi. Jihar da ake yin gasa mafi shahara, Kalifoniya, ta sha fari mai tsanani daga 2012 zuwa 2016, ta sake shiga wani a 2021 da 2022, har aka riƙa roƙon magidanta su rage ban ruwan ciyawar ƙofar gida. A Ingila, a Yulin 2022, zafi ya kai digiri 40.3 a Coningsby, karo na farko da aka haura arba'in a tarihin ƙasar, kamfanonin ruwa da dama kuma suka hana amfani da mesa a lambunan gidaje. Masu suka suna tambaya: a irin wannan shekara, wane dalili ne zai sa a tura ruwa cikin abin da ba za a ci ba?

Domin kuwa ba a cin ta. Ba guba ba ce, amma namanta lami ne, ruwa-ruwa, mai zare. An zaɓi kakanninta don nauyi, ba don ɗanɗano ko auki a tukunya ba. Bayan gasa wasu ana kai su gidan namun daji, kamar na jihar Oregon inda giwaye ke tattake su a gaban 'yan kallo kowace kaka. Wasu ana sakin su daga saman ƙugiyar gini su tarwatse. Wasu ana rarake cikinsu a mayar da su kwalekwale: garin Dill, Windsor, ya fara tseren irin wannan a 1999, a Oktoban 2024 kuma wani mai suna Gary Kristensen ya tuƙa kabewa fiye da kilomita 73 a kogin Columbia. Ga mutumin da ya tashi a gidan da ake tsince ƙwayar hatsi in ta zube, wannan hoto yana da wuyar haɗiya, kuma ba laifinsa ba ne.

Hujja ta biyu kuɗi ce. A 2016 kamfanin iri na Thompson & Morgan a Ingila ya sayi ƙwayar iri guda ɗaya daga kabewar Beni Meier a kan fam 1,250. Kafin nan an taɓa sayar da ƙwaya ɗaya ta kabewar Chris Stevens, zakaran duniya na 2010, dala 1,600 a gwanjo. A ƙara da gwajin ƙasa da na ganye a ɗakin bincike, da takin ruwa iri-iri, da maganin ƙwari da na fumfuna, da fanka, da injin feshin raɓa. Masu suka na cewa abin da ya faro a matsayin nishaɗin ƙauye ya koma kasuwa, inda wasu zakarun suka zama dillalan taki da iri, sabon shiga kuma ya zama mai saye.

Hujja ta uku ita ce ta fi kaifi, ko da yake ba a cika jin ta ba. Ana yawan cewa wannan gasa tana amfanar noman abinci. Masu suka na cewa a nuna musu inda ta amfane shi. Yawancin kabewar gwangwani da Amurkawa ke ci daga yankin Morton na jihar Illinois take fitowa, kuma wani jinsi ne daban. A 2009 ruwan sama ya mayar da gonakin yankin taɓo har injinan girbi suka kasa shiga, aka yi ƙarancin kabewar gwangwani a shaguna. A 2015 ruwan Yuni ya sake rage amfanin sosai. Dabarar mai kabewa ɗaya, wanda ke iya riƙa mata laima, ba ta ceci mai kadada ɗari ba. Ilimin renon ɗiya guda kamar jaririya, in ji su, ba ilimin ciyar da gari ba ne.

Abin da masu goyon baya ke cewa

Su kuma sukan fara da cewa an ɗora musu ma'aunin da ba a ɗora wa kowa. Ba wanda ke tambayar mai dokin sukuwa buhu nawa dokinsa ke ɗauka, ba kuma wanda ke tambayar masuncin da ya fito da kifi mafi girma a bikin Argungu ko kifin ya fi sauran daɗi a miya. Gasa gasa ce. In ana maganar ruwa, filin wasan golf guda ɗaya ko jerin ciyawar adon unguwa guda sun fi lambunan 'yan gasa da yawa sha. 'Yan gasar na gaske ba su da yawa, kuma kowannensu tsiro biyu ne zuwa shida, ba gona ba. Da yawansu suna tara ruwan sama daga rufin gida a manyan tankuna, suna amfani da mesa mai ɗiga, ba don tsoron surutu kawai ba, sai don ruwan da ya wuce kima shi ne babban makashin kabewarsu.

Game da ilimi kuwa, suna da abin nunawa. Kowace ƙwayar iri tana da suna: nauyin uwarta, sunan mai renonta, da shekara. An rubuta uwa, an rubuta uba, zuriya bayan zuriya, kamar asalin dawakin sarauta. Ta wannan hanya mutanen da yawancinsu ba masana kimiyya ba ne suka ninka nauyin kabewa fiye da sau biyar daga 1981 zuwa yau, ba tare da taɓa ƙwayar halitta a ɗakin bincike ba. Masana sun biyo su a baya suna neman dalili. A 2011 David Hu na jami'ar Georgia Tech ya yi nazarin yadda nauyin kabewar ke danne ta ta baje kamar fanke, ya gano cewa wannan bajewar ce ke ba ta damar ci gaba da girma ba tare da ta fashe ba, lissafinsa ma ya nuna jikinta na iya jure kusan tan tara. A 2015 Jessica Savage da abokan aikinta a jami'ar Harvard suka nuna cewa sirrin ba a ganye yake ba: manyan kabewin suna da yalwar jijiyoyin da ke kai sukari daga ganye zuwa ɗiya. Wannan tambaya, ta yadda shuka ke tura abinci cikin 'ya'yanta, ta shafi tumatir da kankana da duk abin da ake nomawa don 'ya'yansa.

Amma hujjar da ta fi ratsa zuciya ita ce ta haƙuri, kuma a mugunyar shekara take fitowa. A Mayun 2006 ruwa ya yi ta zuba a arewa maso gabashin Amurka har aka yi ambaliyar da aka daɗe ba a ga irinta ba. A wannan daminar ce 'yar jarida Susan Warren ta bi Ron Wallace da mahaifinsa Dick tana rubuta littafinta Backyard Giants. Mutanen biyu sun sha ganin kabewinsu na lalacewa kafin ranar awo a shekarun baya. A Oktoban shekarar Ron ya auna kilo 681, ya zama na farko a duniya da ya haura laba 1,500. Shi ma Gienger, a 2022 bokiti ya suɓuce ya faɗa wa kabewarsa tana 'yar ƙarama ya ji mata rauni. Bai tsinke ta ba. Ya yi ta jinyarta har ta warke, ta kai kilo 1,161, ta kafa tarihin Amurka na lokacin. A 2024, shekarar da ruwa ya yi wa Minesota yawa har aka yi ambaliya a kudancin jihar, kabewarsa ta tsaya a kilo 1,121, ya tsira da laba shida kacal a kan Brandon Dawson na Kalifoniya a gasar Half Moon Bay. A 2025 tasa ta lalace tun kafin ranar gasa, Dawson ya ɗauki kambun. Hausawa na cewa ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Mutumin da ya san wata shida na aikinsa na iya rushewa a dare ɗaya, kuma ya sake goge iri a Afrilu mai zuwa, ya koyi abin da kowane manomi na gaskiya ya sani.

Akwai kuma zumunci. Duk da tsadar wasu ƙwayoyi a gwanjo, al'adar da ta fi yawa a tsakaninsu ita ce kyautar iri: sabon shiga ya aika da ambulan, zakara ya sako masa ƙwaya. Gwanjon ma sau da yawa ƙungiyoyi ne ke shirya shi don tara kuɗin kyaututtuka. Garuruwa irin su Half Moon Bay, da Topsfield a jihar Massachusetts, da Ludwigsburg a Jamus suna cika da baƙi kowace kaka, yaran birni da ba su taɓa ganin yaɗo ba suna komawa gida da iri a aljihu.

Rigimar cikin gida

Akwai wata muhawarar da 'yan waje ba su cika sani ba, kuma mai wannan rubutu na ganin ita ce zuciyar maganar. Ita ce ta rumfar gilashi. Tagwayen Paton sana'arsu renon furanni ce, kuma a cikin rumfar da ake sarrafa zafinta da danshinta suke renon kabewinsu. A 2016, lokacin da Matthew Oliver na lambun Hyde Hall ya shuka waccan ƙwaya mai fam 1,250 a fili, ya sami kilo 605, aka yi ta murna domin ba a taɓa samun irinta a sararin Ingila ba. A shekarar dai tagwayen sun haura tan guda a cikin rumfa. Tazarar nan ba ta iri ba ce, ba kuma ta ƙwazo kaɗai ba. Ta rufi ce.

Masu rumfa suna da amsa. Mutumin Ingila ko na Alaska bai zaɓi yanayinsa ba, in ba rumfa ba zai taɓa kusantar wanda Allah ya ba doguwar bazara mai ɗumi. Rumfa ma ba ta hana tsagewa, kamar yadda su tagwayen suka ɗanɗana. Sannan Gienger ya nuna cewa ana iya kafa tarihin duniya a bayan gida, a jihar da sanyi ke makara wajen tafiya kuma ya yi sammakon dawowa. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai ba ya kawar da abin da ido ke gani: yadda yanayi ke ƙara rikicewa, haka kowane ɗan gasa ke ƙara jin dole ya sayi abin da zai raba shukarsa da sama. Yau inuwar raga, gobe fanka, jibi rumfa mai na'ura. Kowace mugunyar shekara tana korar wasu masu ƙaramin ƙarfi, tana ƙara wa masu hali dalilin kashe kuɗi. In aka bar abin a haka, hujjar haƙuri da masu goyon baya ke taƙama da ita za ta zama labarin da, domin ba za a ƙara yin kokawa da damina ba, za a dai saye ta ne.

Ina gaskiyar take?

Kowane ɓangare yana da inda ya zarce. Masu suka sun zarce inda suke ɗora yunwar duniya a wuyan mai tsiro uku a bayan gida. Da za a hana gasar gobe, ba loma ɗaya da za ta ƙaru a kwanon kowa, domin ba ƙarancin fili a Minesota ne ke hana wani cin abinci a wata nahiya ba. Masu goyon baya kuma sun zarce inda suke sa wa wasansu rigar ceton noma. Binciken Savage da na Hu na gaske ne, amma darasin Morton ma na gaske ne. Wannan wasa ne, wasa mai wuya, mai buƙatar ilimi da juriya, kuma ya fi mutunci a kira shi da sunansa.

Da zarar an yarda wasa ne, sauran hukuncin ba shi da wahala. Wasa ba ya shiga gaban buƙata. A shekarar da hukuma ta ce maƙwabta su rage ruwa, ɗan gasar da ba shi da tankin ruwan sama ko rijiyar da doka ta yarda da ita ya kamata ya rage shukarsa ko ya haƙura da shekarar, kuma ƙungiyoyinsu ne ya dace su fara faɗin haka kafin wani ya faɗa musu. Naman da ya rage bayan awo, in ba a yi masa feshin da zai hana ba, dabbobi da ramin taki sun fi cancanta da shi a kan kwalta. Mafi muhimmanci, wuraren awo su ware kambu mai daraja ga kabewar da ta girma a fili, ta sha rana da ƙanƙara, dabam da wadda ta girma a ƙarƙashin gilashi. Ingila ta riga ta saba ambaton tarihin fili dabam, kamar yadda aka yi wa Oliver. Abin da ya rage shi ne a ba shi kuɗi da girma daidai da ɗan uwansa.

Gasar ta cancanci ta ci gaba, amma da waɗannan sharuɗɗa. Masu shirya ta su raba ajin fili da na rumfa, su kuma rubuta dokar ruwa ta shekarar fari a cikin ƙa'idojinsu, tun kafin 'yan gasa su fara goge iri a Afrilu mai zuwa.